Fankar Waje Ta Tsaya

Litinin, 3 ga Yuli

Injin ɗumin gida ya tsaya. Na farka hancina kamar ba nawa ba. Ɓangarensa na cikin ɗaki yana nan a bango, fitilarsa a kunne, har iska yake hurawa, amma iskar sanyi. Na zura takalman Nibaldo na zagaya bayan gida. Na wajen na zaune a kan ƙafafunsa na ƙarfe, dusar ƙanƙara ta yi masa hula, fankar ko motsi.

Na dawo na tarar da mijin nawa ya ɗaga kai daga matashi, robar injin da ke ba shi iskar numfashi a hancinsa, yana kasa kunne. Ya ce, "Tsohuwa, ba na jin fankar." Na ce ni ma ba na jin ta. Mutumin da ko kiransa na yi sai na maimaita, amma inji in ya canja murya ta bayan bango sai ya ji.

Bara war haka murhunmu na itace na ci. Da aka zo musanyar murhun nan, saboda hayaƙin da ke rufe garinmu Coyhaique duk lokacin sanyi, suka ɗauke shi suka saka mana wannan. Likita ma ta ce huhun Nibaldo ba zai ƙara ɗaukar hayaƙi ba. Ramin bututun hayaƙin suka toshe da kwano. Yau na daɗe ina kallon kwanon nan.

Talata, 4 ga Yuli

Shi a gado yana ba da umarni, ni ina kai da kawowa. Rayuwarsa duka a wurin yankan katako ya yi ta, babu injin da bai kwance ba, yanzu daga gado zuwa bayan gida sai ya tsaya ya huta a bakin ƙofa.

"Ki fara da ƙaramin abu. Batirin rimot." Na canja. Babu.

"Je ki akwatin wuta, ki kashe makunninsa, shi kaɗai fa, kar ki kashe ni. Ki ba shi lokacin shan shayin mate kofi ɗaya, sannan ki mayar." Na yi. Na fita, na tsaya a gaban fankar kamar mai jiran a buɗe mata ƙofa. Wani ɗan ƙas, sai gurnani can ƙasa-ƙasa, sai shiru.

Na cikin yana ƙyafta wani harafi da lamba. Na nemo littafin da suka bar mana, na sa tabarau, na bi layin da yatsa. Abin da aka rubuta a gaban lambar: a kira ma'aikaci. Na gode.

Na kira kamfanin da suka saka mana. Wata yarinya mai sanyin murya ta ce rabin gari ne ke kira, za su neme ni. Na ce akwai mara lafiya a gidan. Ta ce ta fahimta, Señora Uberlinda. Ba ta fahimta ba.

Laraba, 5 ga Yuli

Ba su kira ba. Kwalaben ruwan zafi, bargo a kan bargo. Ruwan kofin da ke bakin taga ya daskare.

Alhamis, 6 ga Yuli

Makwabcinmu Don Arcadio na gidan kusa ya hango ni ina zuba wa injin ruwan ɗumi daga buta, saboda Nibaldo ya ce wataƙila ƙanƙara ce ta riƙe fankar. Ya tsallako shinge da hularsa mai kunnuwa.

"Makwabciya, ai na faɗa muku tun bara. Wa ya taɓa ɗumama gida da firji?"

Nibaldo ya jiyo shi ta taga. Da ɗan numfashin da yake da shi ya ce, "Rufe mana baki, Arcadio, hayaƙinka ne ke kashe ni."

"Sigarin da ka zuƙa ne ke kashe ka, tsohon banza. Nawa itacen busasshe ne."

Suka yi dariya, ta Nibaldo ta koma tari. Na daɗe ban ji ya yi dariya ba, ban kuma so yadda ta ƙare ba.

Ƙanƙarar ta narke, fankar ba ta tashi ba. Nibaldo ya ce in kunna, in gurnanin ya fara Arcadio ya zura siririn tsinke ta ragar ya tura fiffiken. Ya tura. Ta juya! A hankali, sannan ta ɗauka. Na ruga ciki na sa tafin hannu a bakin na cikin, na ji iskar ta fara sakin jiki. Kafin in gama murna ta sake tsayawa.

"Kafasita ce," in ji Nibaldo. Wai wani ɗan gwangwani ne a ciki da ke ba fankar ƙarfin tashi. Idonsa har ƙyalli yake. "Da ina da ƙafafuna, kafin ruwan mate ya tafasa na gama."

Da yamma Eduvina, matar Arcadio, ta aiko da hitar kananzir. Na kunna a falo, ƙofar ɗaki a rufe. Duk da haka warin ya same shi, ya yi tari har leɓensa ya canja launi. Na kashe, na buɗe taga, ɗan ɗumin da ya taru ya fice. Su Eduvina sun ce mu koma gidansu. Gidan da murhu ke ci dare da rana. Ina.

Juma'a, 7 ga Yuli

Na tono tsohuwar hitar lantarki daga ƙarƙashin gadon 'yarmu Maritza na jona a ɗakinmu. Ta yi ja, ƙafafunsa suka fara ɗumi. Ina kicin na kunna butar lantarki, ban yi tunani ba, sai ji na yi ɗif. Wutar gidan gaba ɗaya. Injin iskarsa ya fara wannan kukan nasa.

Ban san yadda na kai akwatin wuta ba. Na kasa gane makunnin, na ɗaga wannan na sauke wancan. Da na dawo ɗaki yana zaune, ya dafe gefen gado da hannu biyu, baki a buɗe, yana kallona. Da ma ya zage ni.

Yanzu hitar na kunne, komai na gidan a kashe, har firji. Me zai lalace a sanyin nan. Ɗuminta bai wuce taku ɗaya daga inda take ba.

Maritza ta kira daga La Serena, can arewa inda ake ɗumi, da rigar shan iska a jikinta, na gani a waya. "Mama, ku taho nan mana, sau nawa zan faɗa?" Ubanta ya ce a faɗa wa 'yarsa shi ba kayan aike ba ne. Ta ce ta samo lambar wani mai gyara, Evaristo, ba na kamfanin ba. Gobe zai zo.

Na gaji. Ba gajiyar yau ba.

Asabar, 8 ga Yuli

Evaristo ya zo, wani gajere mai furfura a gemu, yatsunsa duk sun tsattsage saboda sanyi. Ya cire murfin gefe, ya auna da mitarsa, ya zaro gwangwanin. Kansa ya kumbura kamar burodi. Na kai wa Nibaldo har gado. Ya jujjuya shi a hannu, ya ce, "Me na ce miki?" Na ce ka faɗa, Tsoho, ka faɗa, sai a buga a jarida.

Akwai sabo a motarsa. Ya saka, ya ce in kunna. Fankar ta tashi da kanta. Evaristo ya karkata kai yana saurare, ya ce akwai wani ɗan gurzo da bai yi masa ba, amma mu gani.

Gidan ya yi ɗumi. Na cire safar hannu. Na soya sopaipilla, fankenmu na nan, na aika wa su Eduvina, Nibaldo ya ci biyu da barkono duk da an hana shi. Na wanke masa jiki, na aske masa gemu, ya ce in ba shi madubi. "Har yanzu da sauran yaron nan," in ji shi. Na ce wane yaro, ko kakansa.

Kafin rana ta faɗi na ji warin ƙonewa ta bayan gida. Fankar a tsaye. Na taɓa murfin, zafi. Na kashe makunnin na zauna a kan dakalin ƙofa, sanyi na shiga ta ƙasana, na kasa tashi in je in faɗa masa. Ya riga ya sani.

Lahadi, 9 ga Yuli

Da safe Evaristo ya ce a waya motar fankar ce, wato ɗan injin da ke juya ta, da kanta ta ƙone, abin da ya ji tsoro ke nan jiya. Babu irinta a nan. Sai daga Puerto Montt, ta jirgin ruwa. Yaushe? Sai yadda teku ta yi.

Nibaldo ya ce ƙarya ne, mota ba ta ƙonewa haka kawai, wata waya ce ta saki. Na ce to.

Na tafi coci. Ban daɗe ba, ko gaisawa ban tsaya yi ba. Na bar shi da mate a gefen gado, rediyo a kunne, hita a ƙafarsa.

Na dawo, gado babu kowa. Robar iska a yashe a kan bargo tana huci ita kaɗai. Ƙofar baya a buɗe.

Yana zaune a cikin dusar ƙanƙara, ya jingina da injin, da rigar barci da silifas, sukundireba a cinyarsa. Ya kwance noti biyu, na ukun ya gagare shi, ƙafafun suka ƙi mayar da shi ciki. Ban san tun yaushe ba. Wandon ya jiƙe sharkaf. Fuskarsa kamar toka.

Na ƙwala wa Arcadio kira. Mu biyu muka ɗauko shi, ba shi da nauyi, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Na mayar masa da robar, na tuɓe shi, na murza masa ƙafafu ina zaginsa. Duk abin da ya zo bakina. Na ce kashe ni kake so ka yi, ka mutu ka bar ni da bakin mutane. Arcadio ya ce, "Ya isa, makwabciya," ya fita.

Da numfashin ya dawo masa, abin da ya fara cewa: "Ki kwaso notin nan, kar su ɓace."

Na kwaso. Suna cikin kofi a kan tebur.

Litinin, 10 ga Yuli

Zazzaɓi. Ya ce ba komai. Ya ƙi cin abinci.

Talata, 11 ga Yuli

Motar asibiti ta zo ta ɗauke shi da hantsi. Ɗaya daga cikin ma'aikatan da ya shigo ɗakin ya ce, "Kai, Señora, a nan yake kwana?" Numfashinsa na fita fari a cikin ɗakin kwanana. Kunya ta kama ni kamar ni na ƙera sanyin.

Ciwon huhu, ɓangare biyu. Sun sa masa abin rufe fuska. Likitar, yarinya ce sa'ar Maritza, ta tambaye ni yadda aka yi. Na faɗa mata. Ta rubuta.

An ce in tafi gida, ba a kwana. Asibitin da ɗumi. Na zauna a bencin bakin ƙofa har mai gadi ya fara kallona.

Laraba, 12 ga Yuli

Kamfanin sun kira. Yau. Wai za su iya turo mutum mako mai zuwa ya duba, amma tunda wani ya riga ya buɗe injin, ba ruwansu da abin da ya lalace. Na ce wa yarinyar Allah ya ba ta tsufa mai ɗumi, na kashe.

Alhamis, 13 ga Yuli

Bututun ruwan bayan gida ya fashe. Da na dawo daga asibiti na tarar da ƙasa ta zama madubi, ruwan ya kwarara ya daskare har bakin ɗakin Maritza. Arcadio ya rufe babban famfo daga waje. Yanzu babu ɗumi, babu ruwa. Eduvina na ba ni a bokiti ta kan shinge.

Ta ce in zo in kwana wurinsu, tunda mai huhun ba ya nan. Na je. Murhu na ci, kyanwa a ƙarƙashinsa, tukunyar miya a kai, safa na bushewa a kan waya. Na zauna kusa har gwiwoyina suka yi ja. Sai kuka ya zo mini, babu sallama. Eduvina ba ta ce in yi haƙuri ba, ta miƙo mini mate kawai. Arcadio ya tashi wai zai duba kaji.

Juma'a, 14 ga Yuli

An cire masa abin fuskar na ɗan lokaci. Bai tambayi lafiyata ba, bai tambayi Maritza ba. "Motar fankar ta iso?"

Na ce ta iso, an saka, gidan har zufa ake yi.

Ya kamo hannuna ya juya shi, ya kalli tsagar da ke bayan yatsuna. "Ƙarya kike, Tsohuwa. Ba ki iya ba."

Na ce jirgin na tsaye a Puerto Montt, iska ta hana shi tashi. Ya rufe ido. Na ɗauka barci ya yi, sai ya ce, "Da na kai ga wayar nan…" Na ce in ya ƙara ambaton wayar nan zan tafi. Bai ƙara ba. Ban tafi ba.

Asabar, 15 ga Yuli

Maritza ta sauka. Daga filin jirgi ta wuce wurin ubanta, sannan ta zo gida. Ta tsaya a tsakiyar falo da jakarta, ba ta cire riga ba. Ta kalli bokitan, ta kalli hitar, ta kalli ƙanƙarar da ke ƙasa.

"Mama, me ya sa kika bar shi shi kaɗai?"

Na san za ta tambaya. Na shirya amsoshi tun ranar Lahadi, masu kyau. Ba ɗaya da ta fito. Na ce, "Shekara nawa ina tashi da tarinsa ina kwana da tarinsa, ke kina ina?" Ta ce tana inda take neman abin da take aiko mana. Na ce ba a aiko hannu a waya.

Ta shiga ɗakinta na da, ta kusa faɗuwa a kan ƙanƙarar, ta yi ashar irin na ubanta. Daga baya muka kwanta gado ɗaya, saboda hita ɗaya ce. Ta sa ƙafafunta a tsakanin nawa kamar tana ƙarama. Ba wadda ta ba wata haƙuri.

Litinin, 17 ga Yuli

Likita ta zaunar da mu. Zai tashi daga wannan, ta ce, amma abin da ya rage na huhun kaɗan ne. Ko gidan ya yi ɗumi, iskar garin nan a lokacin sanyi ta fi ƙarfinsa. In akwai inda za a kai shi arewa, a kai shi.

Maritza ba ta kalle ni ba. Ta san ta yi nasara, ba ta kuma ji daɗinta ba.

Ni aka bar wa faɗa masa. Na yi zaton zai yi faɗa, ya fizge robar, ya ce a gidansa zai mutu. Na ma so ya yi. Sai ya kalli silin ya ce, "To." Shi ke nan. To.

Wannan "to" ɗin ya fi ranar Lahadi ciwo.

Talata, 18 ga Yuli

Jirgin ruwan bai taso ba.

Alhamis, 20 ga Yuli

Haɗa kaya. Rigunansa masu kauri Maritza ta ce a bar su, can ba a bukata. Na ninke su na mayar. Akwatin kayan aikinsa ya ce a tafi da shi, ta ce Baba jirgin sama ne fa, ba motar katako ba. Suka daidaita a kan sifana ɗaya da ƙaramar filaya.

Ni ba zan bi su yanzu ba. Shi ya yanke. "Ki tsaya a saka motar fankar, a gyara bututun. In aka rufe gida a haka, kafin bazara ya ruɓe." Maritza ta ce Don Arcadio zai iya kula. Ya ce Arcadio ko kejin kajinsa bai iya kula da shi ba. Arcadio na tsaye a wurin, ya zo asibiti sallama. Ya ce, "Ka tafi can ka shanya ƙasusuwanka a rana, ka dawo in ci gaba da cinye ka a karta." Ya fita da sauri. Na gan shi a baranda yana share hanci da hula.

Juma'a, 21 ga Yuli

Sun tafi. Daga asibiti kai tsaye, da kwalbar iska da takardar likita. Bai ga gidan ba. A keken guragu aka tura shi, ya zama ɗan ƙarami a cikin bargo. Ya ce in sunkuyo. Na sunkuya ina jiran wata magana.

"Notin nan biyu, ki ba Evaristo. Na murfin gefe ne."

Na ce to. Na sumbaci goshinsa. Ya riƙe hannun rigata ya ɗan daɗe, sannan ma'aikacin ya tura.

Tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa kwana a gari ba ya cikinsa ba.

Lahadi, 23 ga Yuli

Ban je coci ba. Ban dafa komai ba. Injin iskarsa na kusurwa a kashe, asibiti za su aiko a ɗauka. Ban san ƙararsa ta cika gidan haka ba sai da ta daina.

Nibaldo ya isa lafiya. Maritza ta ce ya zauna a baranda ya ga teku, ya ce ruwan ya yi yawa.

Talata, 25 ga Yuli

Motar fankar ta iso. Wani ɗan abu a kwali, bai kai tukunyar shayi ba. Na riƙe shi a hannu. Wannan. Saboda wannan.

Evaristo ya tambayi mai gidan. Na faɗa masa. Ya cire hula ya mayar, ya ce, "Señora, da na san zai fita, da tun ranar na zare fankar na tafi da ita." Na ce da ya bi ka har mota.

Na tsaya a kansa yana aiki, ya ce in riƙe masa fitila, daga baya ya ce in riƙe fiffiken. Ya nuna mini tsohuwar motar, cikinta baƙi ƙirin, ya juya sandar da hannu tana gurzo. Babu wata waya da ta saki. Ba zan faɗa wa Nibaldo ba.

Ya nuna mini yadda zan share ƙanƙara daga ƙasan injin, da ragar ciki da ake zarewa a wanke. Ya ce in na ga ya tsaya yana fitar da tururi kar in tsorata, kansa yake narkarwa. Na ba shi notin. Ya ɗaure.

Fankar na juyawa. Gidan ya yi ɗumi ɗaki bayan ɗaki, ƙanƙarar ƙasa ta koma ruwa, na goge. Na zauna a falo ba riga mai kauri. Ɗumi ko'ina, ba wanda za a ɗumama. Na ji haushin injin fiye da ranar da ya mutu.

Laraba, 26 ga Yuli

Na kira shi. Ya ce in kai wayar bayan gida. Na tsaya a cikin sanyi na kara ta a jikin raga, kamar wata mahaukaciya. Da na mayar kunne ya ce akwai ɗan kaɗawa, ƙafar hagu ta baya ba ta zauna ba, in kira Evaristo. Muryarsa ta fi ƙarfi. Ya yi jimla guda bai tsaya ba.

Ban kira Evaristo ba. Na buɗe akwatin kayan aikin, na gwada sifana har na sami wadda ta shiga. Ƙafar hagu ta baya ce kuwa. Kaɗawar ta daina.

"Yaushe za ki taho?" Na ce sai an gyara bututu.

Alhamis, 27 ga Yuli

Arcadio ya zo da wani surukinsa mai aikin famfo. Suka yanke inda ya fashe suka haɗa sabo, suka naɗe shi da soso. Ruwa ya dawo. Na yi wanka mai tsawo, babu kasa kunne ɗaya ga ɗaki.

Lahadi, 30 ga Yuli

Na makara. Rana ta riga ta hau bango da na buɗe ido, kuma a tsakiyar gado na tsinci kaina, hannu nan ƙafa can. Na yi maza na koma gefena, kamar wani zai gani.

Bayan coci na tsaya. Matan ƙungiyar saƙa suka ce sun ɗauka na ƙaura tun shekarun baya, na ce ina nan. Laraba suke haɗuwa. Ban ce zan je ba. Na dai tambayi ƙarfe nawa.

Na dafa miyar da nake so, da albasa da yawa, wadda warinta ke sa shi tari. Eduvina ta shigo ta ci, ta cire rigar sanyi, ta ce firjin nan dai ba laifi, kar in faɗa wa mijinta.

Ina kewarsa. Ina rubutawa don gaskiya ne. Na ɗauko rigarsa mai kauri na shinshina, na mayar.

Maritza ta kira da yamma. Ya ci kifi, ya taka har bakin ƙofar gida da ƙafarsa, yana faɗa da famfon kicin ɗinta wai yana ɗiga. Ta ce akwai jirgi ranar Alhamis, ta saya mini tikiti? Na ce ta dakata tukuna, akwai sauran abubuwa. Ta ce bututun ko? Na ce sanyi dai bai sauka ba.

Ban faɗa mata an gyara ba. Mantawa na yi.

Ina jin mantawa na yi.